Kan Injin Ciyawa da Hannuna na Hagu

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ban gama jin haushin waɗanda na gamu da su a ciki ba, duk da cewa yawancinsu awaki ne.

Ni sunana Hansatu. Da damina ciyawa nake yanke wa mutane a unguwarmu. Ina da inji irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, dogon ƙarfe ne, can ƙarshensa akwai wani kai kamar ƙaramin kwano da yake juyawa, igiyar roba ta leƙo ta gefe da gefe tana tsinke ciyawa. Ba wanda ya koya min. A waya na gani, na ɓata, na gyara, har hannuna ya faɗa. To jiya da yamma kan ya daki dutse ya tsage. Da tunanin wane iri zan sayo na kwanta.

Sai ga ni a tsakar gidanmu da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama. Maƙwabcinmu ya wuce ta bakin zaure, ya kifa lemarsa ya taka yana janta da ƙafa, kansa a bushe, wandonsa sharkaf. Na ce masa sannu da ruwa, ya ce yawwa. Da yake ta ƙasa ruwan yake zuwa, ciyawa ce take fara sha kafin kowa. Tana girma ana jin ƙararta, ƙiii ƙiii, kamar sabon takalmi.

Inna Yalwa tana ɗakinta. Kakata ce, ita ta haifi babana, ita kuma ta raine ni. Ta buɗe taga tana tsince wake a faifai. Ƙofar ɗakin kuwa ciyawa ta riga ta ɗinke ta, ko marikin ba a gani.

Na ce, "Inna, fito ta taga."

Ta ce, "Ni? In haura taga kamar ɓarauniya? Ke kina yawon yanke ta gidajen mutane, ta gidan ubanki ce ta gagare ki?"

"Kan injin ne ya fashe, tsohuwa."

"Naki kan fa? Shi ma ya fashe?"

Muna cikin haka wata akuya ta shigo ba sallama. Ta sa kwat, ta sa tabarau marar gilashi. Tana riƙe da sandan rake. Ta kafa shi jikin bangon ɗakin Inna ta auna ciyawar, ta gutsuri raken ta tauna, ta sake aunawa. Tun da raken ya ragu, sai ciyawar ta ƙara tsawo a ma'auninta. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Malama, ni ce Mataimakiyar Babbar Jami'ar Tantance Daji. Doka ce. Duk gidan da ciyawa ta taɓa saman tagarsa ya zama daji. Duk wanda yake ciki ya zama naman daji."

Inna ta ɗago daga faifan. "Wane iri?"

"An riga an ware miki, Hajiya. Bushiya."

"To da sauƙi. Na ɗauka kura ce."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuwa na ga abin da ba ta gani ba. Ta bayan ɗankwalinta, daidai ƙeya, wasu 'yan ƙayoyi sun huda yadin sun leƙo. Ciyawar a lokacin ta kai gindin taga.

Na ce wa akuyar, "Ranki ya daɗe, a ina zan sami sabon kai?"

Ta ce, "Ba a samu. Ana neman ganawa."

Sai ga ni a wani babban ɗakin taro da injina a kafaɗa. Kujeru cike da awaki, kowace da jaka a cinya. A bango, inda aka saba rataye hotunan manya, tagar Inna ce a rataye, ita kuma tana ciki da faifanta, ciyawa na leƙowa ta ƙasan katakon. Ban yi mamaki ba. Na ji daɗi ma da zan riƙa ganinta.

Shugaban taron wani bunsuru ne da babbar riga. Ya fesa turare da yawa, turaren da warin suka haɗu suka zama abu na uku. Ya riƙe lasifika ya fara gaisuwa. Ya gai da manyan baƙi, ya gai da masu rufa musu baya, ya gai da waɗanda aka gayyata ba su zo ba, ya gai da waɗanda ba a gayyata ba saboda kuskure. Ina kallon tagar. Kafin ya gama, ganye ɗaya ya hau kan faifan Inna.

Na ɗaga hannu. "Yallaɓai, sauri nake."

"Kowa sauri yake, yarinya. Wace makaranta kika yi?"

"A waya na koya."

Awakin suka jinjina kai. Wata a layin gaba ta ce wa ta kusa da ita ai ɗan yayarta ma can ya gama, makaranta ce mai tsauri.

A kan babban teburi aka jera kawunan inji, kowanne a kan matashi, kowanne da gorar ruwa a gabansa, ko da yake ba mai bakin sha a cikinsu. Ta ramin da ake zura ƙarfen inji suke magana.

Na farko fari ne sumul, bunsurun ya ce a kira shi Dakta. Daga waje ya dawo.

Na ce, "Dakta, yaya kake sakin igiya?"

Ya ce, "Ni ba a taɓa ni. Da kaina nake saki idan na ga ta gajarce."

"Idan ba ka gani ba fa?"

"To ba ta gajarce ba ke nan."

"Ciyawar da ke gabanmu mai kauri ce, ta kai ƙirji."

"Ai ni ban karanci mai kauri ba. Fannina 'yar gajeruwa ce, wadda aka riga aka yanke."

Aka tafa masa. Na wuce.

Na biyu faifan ƙarfe ne mai haƙora uku, baƙi, ba igiya ba komai. Manjo ne mai ritaya. Bai jira na yi tambaya ba.

Ya ce, "Ina ne filin dagar?"

"Jikin bango ne, ƙarƙashin taga."

"Akwai duwatsu?"

"Akwai."

"Akwai mutum?"

"Kakata."

"To a sanar da danginta."

Na ce ni ce danginta. Ya ce madalla, an huta da aike. Ya ce shi ba ya nuna bambanci, ciyawa da bokiti da bututun famfo da ƙwaurin mutum duk ɗaya ne a wurinsa, kuma kafin in ƙifta ido zai share min gidan tas.

Gaskiya ya ja hankalina. Na waiga tagar. Hancin Inna ya yi tsini, ya yi baƙi, yana motsi da kansa yana shinshina waken. Faifan ya fara yi mata girma. Na miƙa hannu na ɗauki Manjo, sanyinsa ya ratsa min tafi. Shi kuwa daɗi ya kama shi, ya yi dariya, haƙorinsa ɗaya ya goga da bakin teburin, ashe na siminti ne. Tartsatsi ya tashi. Wani ɓallin siminti ya yi tsalle ya tafi fiii ya bugi bango, tsakaninsa da idon Inna bai kai faɗin tafin hannu ba.

Inna ta ce, "Wane marar albarka ne yake jifa?"

Na mayar da Manjo kan matashinsa a hankali. Ya ce dama fararen hula ba su da zuciya.

Ta uku ba ta jira an gabatar da ita ba. Ja ce, tana da fukafukan roba a maimakon igiya, ta rataya jaka cike da notina da zobba. Sunanta Hajiya Ta-Kowa.

Ta ce, "'Yata, daina wahalar da kanki. Ni kowane inji ina shiga. Mai doguwar sanda, mai lanƙwasasshiya, na fetur, na wuta, ba wanda ban zauna da shi lafiya ba."

Na ce, "Me ya raba ku?"

Ta ce, "Tafiye-tafiye ne suka yi min yawa."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Ciyawa ta rufe rabin tagar. Na ce na ɗauke ta.

Bunsurun ya ce to alhamdulillahi, sai a ɗaura a gaban jama'a yadda aka saba, da hannun dama, a murɗa ta dama, kamar 'ya'yan mutunci.

A nan na tsaya. Notin injina ta hagu yake ɗauruwa. Haka aka ƙera shi, don in kan yana juyawa ya riƙa ƙara matse kansa. In aka bi ta ɗaya ɓangaren, kwance kansa zai yi. Na san wannan kamar yadda na san hanyar banɗakinmu. Amma akwai wani abu kuma. Ni bahaguwa aka haife ni. Inna ce ta cire min da ludayi. Duk lokacin da hagun ya nufi kwano, ƙwas a bayan yatsu. Da dama nake ci, da dama nake karɓa, da dama nake rubutu. Sifanar ɗaure noti ce kaɗai hagun yake riƙewa, shi ma sai na juya wa ɗakinta baya. A gaban Inna ko nuni da hagu ba a yi, balle a ce wani abu ya nufi can da gangan.

Ga ɗaki cike da idanu. Ga Inna a bango ta daina tsintar wake tana kallona.

Na sa hannun dama na murɗa ta dama. Bai kama ba, sai galau-galau yake yi. Na sake.

Hajiya ta ce, "Ya yi, ya yi haka. Ni dama ba na son matsi."

Sai ga ni a tsakar gida, ciyawa iya wuyana. Na ja igiyar tayarwa, injin ya yi tari. Na sake ja, ya kama. Na matsa totur, abin ƙara masa wuta. Hajiya Ta-Kowa ta juya, ta juya, ta kwance kanta tsaf, ta tashi sama tare da ruwan. Tana tafe tana ɗaga min fiffike.

Ta ce, "Sai mun yi waya!"

Notinan jakarta suka zube suka bi ta sama. Ko ganye ɗaya ba ta yanka ba.

Na kutsa na leƙa tagar ta tsakanin ciyawa. Inna ta ƙanƙance ta koma kamar butar shayi. A cikin faifan take tsaye yanzu, ɗankwalin ya zame, bayanta duk ƙaya. Ta rungumi ƙwayar wake ɗaya da hannu biyu. Bayanta, inda gadonta yake da, duhu ne da kututturan itatuwa, wani tsuntsu yana kuka a saman sif ɗinta.

Na ce, "Inna, kina jina?"

Ta dube ni ta daɗe. Muryarta ta zama siririya. "Ke… 'yar wa ce ma?"

Duk zagin da Inna take min, ba ta taɓa manta sunana ba.

Akuya mai kwat tana gefe, rakenta ya koma iya gaɓa biyu. Ta auna ta ce, "Abin yana tafiya yadda aka tsara."

Sai ga ni a ɗakin taron kuma. Yanzu ciyawar ta biyo ni, ta fasa tayil ta fito ta tsakanin kujeru, kore shar, tana shafar gemun awakin. Suna ɗaga ƙafa suna gyara jaka don kada ta ɓata musu kaya. Na tsaya ina kallonsu. Sai abin ya faɗo min.

Na ce, "Tsaya. Ku ba awaki ba ne? Ku zo ku cinye ta mana!"

Wata ta dafe ƙirji. Bunsurun ya cire hularsa ya mayar.

Ya ce, "Yarinya, za mu ɗauka ba mu ji ba. Mun wuce nan tun tuni. Mu yanzu sai biskit."

Wata ƙaramar akuya a layin baya ta haɗiye yawu da ƙarfi har kowa ya ji. Aka fitar da ita.

Kai ɗaya ya rage a teburin, can ƙarshe. Baƙi ne, duk jikinsa ƙarce, gindinsa ya siɗe. Ya sa an ƙara masa matashi biyu don ya fi sauran tsawo. Bunsurun ya ce wannan shi ne Mai Girma Tsohon Shugaban Kwamitin Riƙo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne wanda sai an buga ka da ƙasa kake sakin igiya?"

Ya ce, "Gyara kalamanki. Ziyarar gani da ido nake kai wa ƙasa lokaci-lokaci. In na ga halin da take ciki, sai in saki abin da ya sawwaƙa."

"Kana cin mai kauri?"

"In an sa min igiya mai kauri."

"Jikin bango fa?"

"Bango ba ruwana da shi, shafa shi nake in wuce. Amma da sharaɗi. Kafin kowace ziyara sai an sanar da zuwana da cikakken muƙamina."

Na ɗaga shi na leƙa ramin. Haƙoran notinsa sun kwanta ta hagu, irin na injina sak. Ya rage murya.

"Kada ki faɗa a nan. Ba wanda ya sani."

Bunsurun ya buga lasifika da kofato. "A ɗaura. Da dama, ta dama."

Na ce a raina bari in raba rigimar, in sa hannun dama amma in murɗa ta hagu, wataƙila ba za a lura ba. Na zura ƙusa a ɗan ramin da ke wuyan injin don ƙarfen ya tsaya cak. Na ɗora kan. Na umarci hannun damana ya juya. Ya ƙi. Na matsa masa, sai ya dunƙule kamar zai yanko tuwo. Na sake matsa masa, sai ya miƙe ya nufi bunsurun zai gaisa. Ashe abu biyun nan kaɗai aka koya masa.

Na dubi bango. Tagar saura ɗan tsaga a sama, kamar an buɗe ido kaɗan. Ta tsagar nake hango ƙwayar idon Inna guda ɗaya.

Na mayar da ƙusar zuwa hannun dama. Na ɗaga hagu.

Daga cikin ciyawar wata 'yar murya ta tsaga ɗakin. "Hansai!"

Sunan ya dawo mata. Abin da ya dawo da shi ke nan.

"Hansai, a gaban manya? Da wannan hannun?"

"Inna, in ba haka ba bushiya za ki zama."

"Gara in zama bushiyar da ta yi wa jikarta tarbiyya. Sauke shi."

"Inna, ta nan kaɗai yake ɗauruwa."

"To kada ya ɗauru. Ina ludayina?"

Na ji tana laluben ludayin a cikin duhu da 'yan hannayen da ko wake ba sa iya riƙewa da kyau. Bayan yatsuna ya fara zafi tun kafin a doke shi. Hannun ya tsaya a sama. Ɗakin duk an zuba min ido, har Dakta ya juyo da raminsa.

Na kama kan da hagu, na murɗa ta hagu.

Ya shiga sumul. Na murɗa, na murɗa, ya yi ƙam. Iyaye mata suka rufe wa 'ya'yansu ido. Wata ta sulale daga kujera, aka shiga yi mata fifita da jaka. Bunsurun ya ce an ɗage taro sai abin da hali ya yi, kuma a sani shi ba ya nan lokacin da abin ya faru. Mai Girma ya ce shi ma bai san yadda aka yi ba, tsintar kansa ya yi a ɗaure.

Daga tagar ban ji komai ba. Wannan ya fi zagin tsorata ni.

Sai ga ni a tsakar gida, ko kuma inda tsakar gida take da. Ciyawa ta wuce kaina, hasken rana kore yake saukowa. Ban san ina ne gabas ba. Na bi ƙamshin man zafin da Inna take shafawa a gwiwa. Ja ɗaya injin ya kama. Na matsa totur, na kai dama na kawo hagu, ciyawa ta fara zubewa, ruwan yana kwashe guntayen yana tafiya da su sama. Hanya ta buɗe. Na taka, na taka. Sai ƙarar ta canja, ta zama siririya. Igiya ta cinye.

Mai Girma ya ce, "Sanarwa."

Na ce, "Mai Girma Tsohon Shuga…" na buga shi da ƙasa.

Igiya ta fito. Ya ce ban kai ƙarshe ba. Na ce zan cika daga baya. Da ta sake cinyewa, iyakar "Mai" na ce. Ta gaba ko tari ban yi ba. Yana ta mita a ƙasa yana cewa zai kai ƙara, yana kuma yanka.

Na lura da wani abu. Duk lokacin da na ɗan sassauta yatsa daga totur, ciyawar da na yanke a bayana sai ta miƙe ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Don haka na danne shi da hannun dama ban ƙara saki ba.

Na isa bango. Igiyar tana marin siminti, tas tas tas, ba ta yi masa komai. Na share gindin tagar, na share gefe. Amma ta cikin ɗakin ciyawar ta riga ta kama, can injin ba ya kaiwa. Wani kara guda ɗaya yana hawa jikin katakon ta ciki, yana lanƙwasa kai kamar mai neman adireshi. Tsakaninsa da saman tagar bai fi tsawon ɗan yatsa ba.

Akuya mai kwat ta ɓullo a gefena. Raken ya ƙare, da ɓawon take aunawa. Ta ce, "Gidan kam ya tafi, malama. Yanzu maganar wanda yake ciki ake."

Inna tana kan dokin tagar. Ta dunƙule ta zama ƙwallon ƙaya, ba kai ba ƙafa. Dokin ya karkata ciki, tana gangarawa kaɗan kaɗan wajen duhun. A cikin duhun wani abu mai nauyi yana numfashi a inda akwatin kayanta yake.

Hannun damana yana kan totur. Na miƙa mata hagu, na shimfiɗa tafin a bakin tagar.

"Inna, hau."

Ƙwallon ya buɗe kaɗan. Hanci ya fito, ido ɗaya ya biyo shi. Ta dubi hannun. Ta dube ni.

"Miƙo dama."

"Dama tana riƙe da inji. In na saki, ni da ke duk ta rufe mu."

"To ajiye injin ki miƙo da ladabi."

"Inna, don girman Allah."

"Shekara nawa ina fama da hannun nan? Yau kuma shi za a ce in hau?"

Karan ya ƙara miƙewa. Saura kamar faɗin farce. Akuyar ta gyara tabarau ta buɗe baki ta shirya sanarwa. Injin yana kaɗa min kafaɗa, yatsana ya fara mutuwa a kan totur, na ji yana zamewa. Na bar tafin a shimfiɗe.

Inna ta warware. Ta matso. Ta shinshina tafin tun daga wuyan hannu har kan yatsu, kamar mai duba kifi a kasuwa. Abin da ke cikin duhun ya motsa, akwatin ya yi ƙara. Ta ja tsaki.

Ta ce, "Bismillahi," ta ɗaga ƙafar dama ta fara takawa da ita, sannan ta jawo sauran.

Ƙayoyin suka shige min tafi gaba ɗaya. Na rufe yatsu a kansu na janyo ta waje. Karan ya taɓa saman tagar, tagar ta rufe bam, ba kowa a ciki. Akuyar ta rufe bakinta, ta ce to ai shi ke nan an ɓata mata aiki.

Hannuna ya fara nauyi. Nauyin yana ƙaruwa, na bushiya ya wuce, ya zama na tulu, ya zama na buhu, ya doshi na tsohuwar da ba ta wasa da tuwon dare. Ban saki ba. Ta cikin yatsuna na ji muryarta ta fara kauri, tana komawa irin wadda na sani.

Ta ce, "Riƙe da kyau, ja'ira. Kuma kada ki ɗauka an yafe."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai wani ƙarr, ƙarr, ƙarr ya shigo ta saman ƙarar injin ya danne ta.

Na buɗe ido. Gari ya waye, na kwanta a kan hannuna na hagu, ya mutu murus yana ta tsira min allurai. A tsakar gida Inna ce take kankare ƙanzon tukunya da cokali.